Ɗakin hoton MRI: A tantance mai jinya kafin ya tsallaka ƙofa

A watan Yulin 2025, wani magidanci mai shekara 61 ya shiga ɗakin hoton MRI a jihar New York ta Amurka don ya taimaka wa matarsa ta sauko daga gadon na'urar. A wuyansa akwai sarƙar ƙarfe mai nauyin kusan kilo 9. Maganaɗisu ya fizge shi ya haɗa da na'urar, washegari ya cika. A 2018 ma, a Mumbai ta Indiya, wani ɗan shekara 32 ya rasa ransa bayan ya shiga irin wannan ɗaki ɗauke da tukunyar iskar oksijin. Dukkansu rakiya suka yi, ba su ne marasa lafiyar ba.

Wannan ne ya sa hankalinmu ya koma garuruwa irin su Lambata, da ke kan hanyar Suleja zuwa Minna, inda wanda likita ya rubuta wa wannan hoto yakan nufi Abuja, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. Ɗa ko ƙani ne ke tallafe da shi, da makullai a aljihu, wataƙila da kambu ko guru a jiki. Shi mara lafiyar kuwa zai iya zama mai walda da ɓurɓushin ƙarfe a ido, ko direban da aka ɗaure wa ƙashi da ƙarfe bayan haɗari, ko manomin da harsashin 'yan bindiga ya maƙale masa.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, maganaɗisun yawancin waɗannan na'urori ba ya mutuwa, ko an gama aiki, ko an ɗauke wuta. Ƙarfin mai tesla 1.5 ya ninka na maganaɗisun duniya kusan sau 30,000.

Takardar tambayoyi da Turanci ba ta wadatar ba, musamman ga dattijon da zai ji nauyin ambaton abin da ya ɗaura a ƙugu. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti ta ƙasa su wajabta yin tambayoyin baki da baki, da Hausa ko Gwari ko Nufanci, a keɓe, a kuma bi jikin duk mai shiga da na'urar gano ƙarfe, har da mai jinya da mai shara. Likitan da ke tura mara lafiya daga Suleja ko Minna shi ma ya faɗa masa wannan tun kafin ya hau mota.