Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Manomin albasa na Bangi da ya kai amfanin gonarsa kasuwar Madawa domin ya ɗauki nauyin karatun ɗansa, tambayarsa guda ce: yaushe yaron zai kammala? A takarda, lisans shekara 3 ce. Amma iyaye da dama, daga Buza har Keita, sun ga yajin aiki da jinkirin jarrabawa suna ƙara wa wannan wa'adi tsawo, aljihunsu kuma yana ramewa.

Mun daɗe da jami'ar gwamnati ɗaya tilo, ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971. A 2010 aka buɗe na Tawa, Maradi da Damagaram, a 2014 aka ƙara huɗu. Wannan abin yabo ne. Sai dai gina ɗakin karatu ya fi horar da malami sauri, domin dokta ba ya nuna a damina ɗaya. Ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, malamai ƙalilan suka ɗauki kayan. Mutum guda ne zai koyar, ya duba ɗaruruwan takardun jarrabawa, ya kula da masu rubuta kundi, wani lokaci har ya hau mota ya je taimakon wata jami'ar. Alhali hukumar CAMES da ke Wagadugu ba ta ƙara masa girma sai da binciken da ya wallafa. Yaushe zai yi shi? In dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Ma'aikacin da ya ga basussukan albashi da karyewar darajar sefa a 1994 ya san yadda zuciya take mutuwa a wurin aiki. Kuma ba kuɗi kaɗai ke raya ta ba, har da mutunci. Dogon yajin aikin ƙungiyar SNECS a 2018 da 2019 ya taso ne kan wanda ke da ikon zaɓen shugaban jami'a, malamai ko gwamnati. An bar wa gwamnati naɗin, ɗalibai kuwa suka biya da watanninsu.

Malamai ma ba za mu wanke su tas ba. Wanda ya bar ajinsa ya bi kwangilar ƙungiyoyin agaji ko ya je farautar muƙami, sa'an nan ya dawo ya dunƙule karatun wata 3 cikin mako guda, ya ci amanar talakan da harajinsa ke biyan sa.

Kiranmu ga hukuma: a ɗauki sabbin malamai, a biya haƙƙin ƙarin awoyi kan lokaci, a ware kuɗin bincike, a zauna da ƙungiya tun kafin a rufe aji. Kiranmu ga malamai: a halarci darasi, a fitar da sakamako ba jinkiri. Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar. Wajibi ne ta samar da magadansa, kuma manomin Bangi yana jiran amsa.