Gurguzun Kerekou da Iyakar Mulkin Umarni

Har yau akwai masu cewa maganin koma-bayan ƙasashenmu shi ne juyin juya hali irin na kwaminisanci: jam'iyya ɗaya, shugaba mai ƙarfi, dukiya duka a hannun hukuma. Masu wannan ra'ayi ba sai sun je Mosko neman hujja ba, maƙwabciyarmu Benin ta ishe su darasi.

A 1972 Manjo Mathieu Kerekou ya ƙwace mulki a Dahomey. Ranar 30 ga Nuwamba 1974 ya shelanta cewa akidar Markis da Lenin ce tafarkin ƙasa, bayan shekara guda kuma aka sauya mata suna zuwa Jamhuriyar Al'ummar Benin. Gwamnati ta karɓe bankuna da cinikin man fetur, ta sake tsarin makarantu, ta ɗaura yaƙi da sarakunan gargajiya da bokaye da sunan kawar da duhun kai.

Ban musanta cewa akidar tana da abin jan hankali ba. Talakan da mulkin mallaka ya tatsa, in an yi masa alkawarin ilimi da daidaito, dole ya saurara. Amma ina aka kwana? Kamfanonin gwamnati suka zama wurin cusa 'yan uwa da abokai, bankuna suka riƙa ba manya bashin da ba a biya. Abin da ya riƙe ƙasar shi ne fataucin kaya zuwa Nijeriya, wato sana'ar 'yan kasuwar da akidar ke kira masu ci da gumin talaka. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta a 1984, sai asiri ya fara tonuwa.

A 1988 bankunan gwamnati suka durƙushe. A 1989 malaman makaranta da sauran ma'aikata, waɗanda suka yi watanni babu albashi, suka shiga yajin aiki. A watan Disamba na shekarar gwamnati ta yi watsi da akidar da kanta. Taron ƙasa na Fabrairun 1990 a Kwatano ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, a 1991 kuma Nicephore Soglo ya kayar da Kerekou a zaɓe.

Masu kare akidar za su ce shugabanni ne suka ci amanarta. To, wa zai tsawata musu, alhali an rufe bakin jarida, an haramta adawa, an mai da ƙungiyoyin ƙwadago 'yan amshin shata? Umarni yana iya gina aji cikin wata guda, amma tsarin da ya kori mai faɗa masa gaskiya ba ya gane kuskurensa sai baitulmali ya ƙafe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.