A Gwada Jini Kafin A Ɗaura Ruwa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne, kuma na daɗe a sashen gaggawa kafin in yi ritaya.

Kwanan baya aka tashe ni cikin dare, wai zuciyar maƙwabciyata tana ta fat-fat har tana suma. Mai jego ce, tana shan Lasix da digoxin saboda ciwon zuciya na bayan haihuwa, ga kuma gudawa kwana uku. Kafin in isa har wani mai kemis ya ɗaura mata ruwan gishiri leda biyu. Da muka kai ta asibiti aka ce mai gwajin jini sai da safe. Allah ya yi da sauran kwananta, amma da aka gwada, sinadarin fotasiyam na jininta ya yi ƙasa da 3.

Jama'a, ita zuciya da wata 'yar wutar lantarki take bugawa, kuma gishirin da ke cikin jini ne ke tafiyar da wutar, wato fotasiyam da maganeziyam da kalsiyam. A jinin mai lafiya fotasiyam yakan tsaya tsakanin 3.5 da 5. Amai da gudawa da maganin sa fitsari duk suna zubar da shi, ruwan gishiri zalla kuwa babu shi a ciki ko kaɗan. In ya yi ƙasa, digoxin ɗin da ke taimakon zuciya sai ya koma guba.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Mai ciwon ƙoda shi yawa fotasiyam ke yi masa, kuma shi ma bugun zuciyarsa rikicewa yake yi. In ka ƙara masa, ka gama da shi. Shi kalsiyam ake yi masa ta jijiya don a kare zuciyar, a bi da insulin da gulukos. Da ido ba ka raba waɗannan marasa lafiya biyu, sai da gwajin jini da na'urar ECG. Ko wanda yake buƙatar fotasiyam ɗin ma, ba a tura masa da sirinji kai tsaye, domin nan take zuciya za ta tsaya. Sirka shi ake yi cikin leda ya riƙa ɗiga a hankali, ana lura da bugun.

Akwai kuma wani mugun bugu da wani likitan Faransa mai suna Dessertenne ya bayyana a 1966, wanda maganinsa giram 2 ne na maganeziyam ta jijiya. Allurar nan da ake yi wa masu jijjigar haihuwa ce fa! Sau nawa na ga tana kulle a ɗakin haihuwa, mu kuwa muna ta fafutukar nemanta. Ba kowane rikicin bugu take yi wa magani ba, wani sai an ɗana wa ƙirji lantarki.

Masu cewa kunun kanwa zai maye gurbi don sun ji Turawa na kiranta "potash", su sani akasarinta sodiyam ne, wanda ke ƙara wa mai ciwon zuciya kumburi.

Don haka ina kira ga kwamishinonin lafiya da su tabbatar kowane babban asibiti yana da ECG mai aiki, da mai gwajin jini da dare, da waɗannan allurai a sashen gaggawa. 'Yan uwa kuma, in za ku kawo mara lafiya, don Allah ku haɗo da kwalayen magungunan da yake sha.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Zariya.