Ku Ƙyale Yaran Nan Su Kaɗa Jitarsu

'Yan uwa, yau da masu situdiyo nake. Daga Kazaure har Roni, duk bikin da ka leƙa kiɗan fiyano ɗaya ne, kwamfuta na ta maimaita shi. Amma da yaro ya ɗauki jita ya saki hannu yana laluben sabon sauti, sai a ce shirme yake, wai Turawa yake kwaikwayo. Wane Bature? Mai garaya ba haddar kiɗa yake ba, yanayin taro yake bi. Da tsirkiya ɗaya Ɗan Maraya Jos ya fitar da kuntigi ƙasashen waje. Mdou Moctar na Nijar da wayar keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau har Amurka yake wasa. Namu yaran kuwa, ko a taronmu na marubuta ba ma ba su minti biyar.