INA MACE MARAR GATA ZA TA KAI KUKANTA?

Duk wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ya san matan da ke kwana a bakin kasuwa: masu tuwo, masu fura da nono, gwauraye, da waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya koro. Idan hukuma ta tashi yin rusau ko kame, a kansu abin yake fara faɗawa.

A shekarar 1990 Gwamnatin Jihar Legas ta rushe Maroko, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni. An sake yin haka a Otodo Gbame a 2016 da 2017, har Babbar Kotun Jihar ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki. Macen da aka rushe wa ɗaki ƙarƙashin gada take komawa da 'ya'yanta, inda babu ƙofa balle sakata.

Kamen dare ma haka yake. A 2017 Kotun ECOWAS ta sami Nijeriya da laifi bisa yadda jami'ai suka kama Dorothy Njemanze da wasu mata a titunan Abuja, aka kira su karuwai ba tare da hujja ba. Kotun ta ba uku daga cikinsu diyyar Naira miliyan 6 kowacce. Duk da haka, a 2019 aka sake kwashe mata a birnin, wasunsu suka yi ƙorafin an yi musu fyaɗe a hannun 'yan sanda. Wadda ta ga haka, in ɓarawo ya tare ta gobe, ba za ta doshi caji ofis ba. Mugu kuwa ya san da wannan.

Alhali doka ba ta rasa ba. Dokar shari'ar masu laifi ta 2015 ta yarda mace ta tsaya wa mutum beli, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana kama wani a madadin wanda ake nema. Aiki da su ne ya yi ƙaranci.

Lalle ne gwamnati ta tanadi matsuguni kafin ta aika da katafila, ta sa 'yan sanda mata da tafinta a kowane caji ofis na unguwannin baƙi, ta kuma hukunta jami'in da ya ci zarafin mace. Sarakunan Hausawa na Kudu su ma su riƙa raka waɗannan mata gaban hukuma, su daina kashe irin wannan magana a zaure.