A Gyara Shataletale Kafin A Zargi Mai Babur

Duk wanda ya zauna Badun ya san shataletalen Mokola, wanda ke dab da unguwar Sabo. An yi masa gadar sama cikin 2013, amma masu keke da babur da yawa ta ƙasa suke bi, suna gogayya da manyan motoci. Cikinsu kuwa akwai 'yan Arewa masu yawa da suka zo neman halaliyarsu.

Da an yi haɗari a irin wannan wuri sai a ce gangancin ɗan acaɓa ne. Babu musu akwai masu ganganci, amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shataletale mai hannu biyu ko uku shi kansa tarko ne. Faɗinsa yana ba direba damar shigowa a guje. Mai shigowa kuwa mota yake dubawa ta hagunsa, sai idonsa ya tsallake ɗan babur. Wanda ke hannun ciki kuma, in zai fita, sai ya yanko ta gaban na waje, daidai inda mai keke yake raɓe.

Wannan ciwo yana da magani. A ƙasar Holan, cikin shekarun 1990, wani injiniya mai suna Fortuijn ya fito da wani sabon tsari. Direba zai zaɓi hannunsa tun kafin ya shiga, kuma an sa ɗan tudu tsakanin hannu da hannu don kada kowa ya ƙetare. An tanƙwara mashigar yadda tilas a rage gudu. Masu keke kuwa an yi musu tasu hanya dabam a waje. Sai dai tudun nan yana iya kā da babur, saboda haka lalle ya zama gajere, a shafa masa fenti, a kuma sa fitilu.

Ya kamata Ma'aikatun Ayyuka na jihohin Kudu su duba wannan tsari kafin su sāke zuba kuɗi a wani shataletale. Hana sana'ar acaɓa, kamar yadda aka yi a wasu ƙananan hukumomin Ikko cikin 2022, bai gyara titi ko ɗaya ba.

Kafin a yi gyaran, 'yan'uwa masu babur su tuna: wanda ke cikin shataletale shi ke da hanya. Kada a raɓi tirela, kada a tsaya ɗaukar fasinja a ciki, kuma a sa hular kwano. Iyali na can gida suna jiran aike. Allah ya kiyaye hanya.