Hasumiyar Siluwam da Mutanen Gadarif

Akwai wani wa'azi da yake ta yawo a majami'un ƙasar Hausa tun shekarar 2023, wanda ya kamata a tsaya a tone shi, gama yana da daɗin ji amma dafi ne a cikinsa. Mai wa'azi yakan kawo labarin yaƙin Sudan, ya ɗaga murya ya ce ga hukuncin Allah ya sauko a kan ƙasar da ta tsananta wa ikkilisiya. Jama'a su amsa da Amin mai ƙarfi. Sa'an nan kowa ya koma gida zuciyarsa wasai, an yi sa'a biyu ana maganar zunubi, ba wanda ya tuna da nasa ko guda.

Tsananin kam an yi shi, ba mai musu. A 1964 gwamnatin Sudan ta kori 'yan mishan daga kudancin ƙasar. A 2014 aka yanke wa Maryam Ibrahim hukuncin kisa a kan ridda, ita kuwa haifaffiyar jihar Gadarif ce, uwarta Bahabashiya Kirista. A kurkukun Umdurman ta haihu, sai da duniya ta yi ca a kan hukumar kafin aka sake ta, dokar ridda kuwa sai a 2020 aka soke ta. Abin musu shi ne lissafin da ake ɗora wa waɗannan abubuwa, kuma garin Gadarif kansa ya isa ya rushe lissafin.

Gadarif tana gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartum, kusa da iyakar Habasha. Ƙasar baƙar laka ce, takan daddare da rani, da damina kuwa ta riƙe ƙafar mutum da ta mota. Tun shekarun 1940 aka soma noma da tarakta a wurin, har yankin ya zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar duka. Hausawa da yawa suna zaune a can, jikokin mahajjatan da suka bi hanyar Makka a ƙasa, da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Kusan dukansu Musulmi ne. Kiristocin garin kuwa mutanen Duwatsun Nuba ne, da 'yan kudu, da Habashawa, da Kibɗawa, da yawa cikinsu ƙwadago suke yi a gonakin masu hali.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Garin Gadarif bai faɗa hannun dakarun ba, saboda haka nan mutane suka dosa: daga Khartum da fari, daga Wad Madani a Disamba 2023, daga Sinja a tsakiyar 2024. Makarantu suka zama masauki. Tun a Satumba 2023 cutar amai da gudawa ta ɓulla a jihar. To, mai wa'azin hukunci ya shiga ɗakin aji ɗaya daga cikin waɗannan, ya nuna wanda Allah yake hukuntawa. Ga Banubiya Kirista a tabarma da 'ya'yanta, ga tsohon Bahaushe da tasbaha kusa da ita, tulu guda suke sha. Cutar ba ta tambayi kowa katin baftisma ba. An fasa majami'u a Khartum da Umdurman da Wad Madani, an kuma rushe masallatai. Masu kuɗi sun sami hanyar Masar ko Dubai, talaka ne ya kwana a ɗakin aji. In wannan ne sakayyar abin da aka yi wa Maryam Ibrahim, ashe sandan ya sauka a kan waɗanda ba su taɓa ganin ƙofar kotun ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuyar haɗiya. A Nuwamba 2020 yaƙi ya tashi a Tigirai ta ƙasar Habasha, mutane dubbai suka ƙetare zuwa Sudan, aka sake buɗe musu sansanin Um Rakuba a jihar Gadarif, inda aka taɓa saukar da iyayensu lokacin yunwar shekarun 1980. Yawancinsu Kirista ne, da gicciye a wuya. Yawancin masu koransu ma Kirista ne, ikkilisiyarsu ɗaya, azuminsu ɗaya. Ƙasar Musulmi ce ta ba su wurin kwana. Haka kuma Sudan ta Kudu, wadda masu bi suka yi murnar 'yancinta a 2011: ba a cika shekara uku ba shugabanninta biyu, dukansu masu zuwa sujada, suka jefa ta cikin yaƙin basasa a Disamba 2013, har Paparoma Faransis ya durƙusa ya sumbaci ƙafafunsu a 2019 yana roƙonsu su daina. Mai wa'azin hukunci ba ya taɓa buɗe wannan shafi. Ba ya kuma so a tambaye shi wane zunubi ikkilisiyar EYN ta yi da aka kwashe 'yan matan Chibok a 2014, aka kuma kore ta daga hedkwatarta a Kwarhi a shekarar nan. Mudun da ya auna wa Sudan, in aka auna wa Borno da shi, shi ne zai fara kuka.

Ubangiji Yesu ya riga ya yanke wannan magana a Bishara ta hannun Luka, sura 13. An kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe wajen yin hadaya, shi kuwa ya ƙara da na mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam. Sau biyu ya ƙi yarda cewa matattun nan sun fi sauran jama'a zunubi, sau biyu kuma ya juyo da maganar a kan masu sauraro, ya gargaɗe su su tuba kada su ma su hallaka. Sun zo da labarin wasu, suka tafi da tambaya a kan kansu. Wa'azin da ake ji yau ya kifar da wannan tsari sarai.

Wani zai ce, ashe Allah ba ya hukunta al'ummai? Yana yi mana. Amma a duba yadda annabi Amos ya yi nasa wa'azin. Ya fara da Dimashƙu, ya bi Gaza, da Taya, da Edom, da Ammon, da Mowab, ana iya cewa Isra'ilawa suna ta gyaɗa kai. Can sai ya iso ƙofar gidansu, a nan kuwa ya daɗe: sayar da matalauci a bakin abin da bai kai ya kawo ba, rage mudu, ha'inci a ma'auni. Mai wa'azin da ya tsaya a Mowab ya rufe littafi bai yi aikin annabi ba. Aikin maroƙi ya yi, ya yi wa jama'a kirari, su kuwa suka yi masa liƙi a kwanon baiko.

Binciken kai aiki ne mai wuya, shi ya sa ake gudunsa. Ba ya buƙatar labarin nesa. Manzo Bulus ya umarci Korintiyawa kowa ya gwada kansa kafin ya ci Jibin Ubangiji, laifin da ya kama su da shi kuwa na cikin gida ne, watau masu abinci suna ƙoshi, marasa shi suna kallo. Tambayoyin da Gadarif take yi wa Kiristan Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, irin waɗannan ne. Da 'yan gudun hijira suka zo unguwarsa, nawa ya ƙara a kuɗin haya? Hatsin da ya ɓoye har Agusta, wa ya kwana da yunwa dominsa? Ɗan ƙwadagon da ya yi masa girbi, an biya shi a ranar ko an ce ya dawo jibi? Gonar gwauruwar ɗan'uwansa tana hannun wa? A zaɓen dattawan ikkilisiya, halin mutum ya duba ko yarensa? Da aka kashe mutane fiye da 100, Hausawa da maƙwabtansu, a rikicin jihar Bulu Nayil a Yuli 2022, har 'yan'uwansu suka fita zanga-zanga a Gadarif da Kasala, ya yi musu addu'a, ko kuwa ya ce ai ba masu bi ba ne? Kowane mai bi ya haddace yawan majami'un da aka ƙone tun daga rikicin Kafanchan na 1987. Kaɗan ne suka taɓa zaunar da ɗansu su tambaye shi inda yake a daren ramuwa, da abin da ya riƙe a hannu.

Tuban da ya tsaya a baki ma ya yi yawa. Ana karanta addu'ar furta zunubi kowace Lahadi da murya ɗaya, mai sauƙi ce domin ba ta ambaci sunan kowa ba. Ana kuka a taron farkawa, ana fitowa gaba, ran Litinin kuwa mudun nan mai lotsattsen gindi yana nan a rumfa. Zakka mai karɓar haraji bai yi hawaye ba, ko kuwa Luka bai rubuta ba. Abin da aka rubuta lissafi ne: rabin dukiya ga matalauta, ninki huɗu ga wanda aka zalunta. Bayan lissafin ne Ubangiji ya ambaci ceto a gidan.

Manoman Gadarif sun san cewa riɗi ba ya jira. In ya nuna, kwana kaɗan ne a yanke shi a ɗaure, in an yi sakaci kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube cikin tsagar laka inda ba mai iya tsince ta. Shi ya sa da kaka ake neman 'yan ƙwadago ruwa a jallo, har daga Habasha ta hanyar Gallabat. Haƙƙin mutum ma haka yake zubewa. Gwauruwar takan mutu, ɗan ƙwadagon yakan koma garinsu ba a san inda yake ba, mai bashin zunubi ya rasa wanda zai mayar wa. Saboda haka dattawan ikkilisiya su daina sanar da Jibin Ubangiji da safiyar ranar. A sanar mako guda kafin, a faɗa wa jama'a dalili a fili, domin wanda ke riƙe da gonar wani ko ladan wani ya sami kwana shida na zuwa ƙofar gidan mai ita ya yi sallama.